Faifan bidiyo a kundin ɗaukaka ƙara kan tuƙi cikin maye a Amurka

A tsarin shari'ar Amurka, kotun ɗaukaka ƙara ba ta kiran shaidu, ba ta kuma karɓar sabuwar hujja. Abin da aka tattara a kotun farko kaɗai take dubawa, wato kundin shari'a. Doka ta 10 cikin ƙa'idojin ɗaukaka ƙara na kotunan tarayya ta ce kundin ya ƙunshi takardu da hujjojin da aka shigar, da rubutaccen bayanin abin da aka faɗa a zaman kotu, da jerin matakan da ƙarar ta bi. Galibin ƙararrakin tuƙi cikin maye a kotunan jihohi ake yin su, amma ƙa'idojin jihohin ba su yi nisa da wannan ba.

Bidiyo na da nauyi a irin wannan shari'a domin yana nuna abin da baki ba zai iya kwatantawa ba. Kyamarar gaban motar ɗan sanda, ko wadda ke maƙale a ƙirjinsa, tana ɗaukar direba yana taku tara a kan layi, diddige na taɓa yatsu, ko yana tsaye da ƙafa ɗaya, ana jin ko harshensa na harɗewa. A shari'ar Muniz ta 1990, kan wani direba da aka kama bisa zargin maye, Kotun Ƙolin Amurka ta yarda a nuna irin wannan harɗewar harshe da aka ɗauka a faifai. Jihar Karolina ta Kudu ma doka ta yi cewa dole a ɗauki bidiyon a wurin kamu da wurin awon numfashi don gano barasa.

Inda gizo ke saƙar shi ne shigar da faifan cikin kundi. Kunna shi a gaban alƙali bai wadatar ba, sai an gabatar da shi a matsayin hujja, an ba shi lamba, magatakarda ya ajiye, sannan an tabbatar ya isa kotun sama. Sau da yawa mai rubuta zaman kotu layi ɗaya yake sawa cewa an kunna bidiyo, shi ya sa lauya mai lura yake faɗin minti da daƙiƙar da aka nuna. Akwai kuma faifan da ba ya buɗewa sai da manhajar kamfanin da ya ƙera kyamarar. Nauyin cika kundi yana wuyan mai ɗaukaka ƙara, kuma idan da giɓi, kotu takan ɗauka cewa abin da ya ɓata yana goyon bayan hukuncin farko. Abin takaici ne mutum ya rasa lasisinsa, ko ya sha ɗauri, saboda faifai ya kwana a aljihun tebur.

Ko faifan ya isa, ba lallai ya sauya hukunci ba. A shari'ar Scott da Harris ta 2007, kan tseren mota da 'yan sanda, alƙalai takwas cikin tara na Kotun Ƙoli suka yanke hukunci bisa abin da suka gani a bidiyo, har kotun ta ɗora shi a shafinta na intanet. Amma a 2014 kotun ƙolin Indiyana, a shari'ar Robinson, ta bar maganar ɗan sanda yadda alƙalin farko ya karɓe ta, duk da cewa bidiyon bai nuna motar ta kauce hanya kamar yadda ɗan sandan ya faɗa ba. A 2017 ta fayyace ma'auninta: sai bidiyo ya ƙaryata binciken alƙali ƙarara, yadda babu mai hankalin da zai kalla ya ga akasin haka.