Rawar Indiya ba ta soyayya kaɗai ba ce

Mu da muka taso da kallon fina-finan Indiya mun ɗauka rawar ƙasar duk ta saurayi da budurwa ce a cikin lambu, malaman addinin Hindu kuwa aikinsu zama shiru ido a rufe. Jihar Assam da ke arewa maso gabashin Indiya ta ƙaryata wannan zato.

A can akwai rawar Sattriya, wadda ta samo suna daga satra, wato gidajen da masu bautar Krishna, ɗaya daga cikin allolin Hindu, ke keɓe kansu. Malami Srimanta Sankardev, wanda ya rasu a 1568, shi ne ya assasa ta. Da waƙa da rawa da wasan kwaikwayo ya koyar da mutanen da ba su iya karatun littattafan Sanskrit, tsohon harshen addinin Hindu, ba. Tsawon ƙarnuka maza ne kaɗai ke yin ta, har su ne ke shigar mata idan labari ya buƙaci mace. A wasu gidajen ma ba sa aure sam. Tun suna yara ake kai su, su koyi kiɗan ganga mai baki biyu da ake kira khol da kuge na tagulla, su haddace waƙoƙin ibada da ake kira borgeet. A wurinsu wannan ibada ce, a ɗakin addu'a ake yi.

Tsibirin Majuli a kogin Brahmaputra shi ne cibiyarta har yau. Mata sun shiga ne a ƙarni na 20, sannan a 2000 aka sanya ta cikin manyan raye-rayen gargajiya na Indiya.