Tsarin "biyar da biyar" na NAFDAC ba hana shigo da magani ba ne

Kwanan nan wani saƙon murya yake ta yawo a WhatsApp, wai NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, za ta rufe ƙofar shigo da magani, kowa ya sayi na hawan jini da na sikari ya ɓoye. Shekaranjiya a kemis ɗin unguwarmu na ga wata dattijuwa ta karɓi maganin zazzaɓi, jikanta ya karanta mata cewa wani kamfani ne ya haɗa shi a madadin wani. Nan take ta tura kwalin, ta ce, "Ɗana, riƙe abinka, mai suna biyu ai jabu ne." Raina ya ɓaci, domin da zazzaɓinta ta koma gida.

A 2019 hukumar ta fito da tsarin "biyar da biyar", ƙarƙashin shugabancin Farfesa Mojisola Adeyeye. Rajistar magani dama shekara 5 take yi. Idan maganin irin wanda masana'antun Najeriya za su iya haɗawa ne, sai a ƙara wa mai shigo da shi wasu 5 na ƙarshe, a cikinsu ya kafa masana'anta a gida ko ya ba wata ta gida kwangila. In ya ƙi, ba za a sabunta masa rajista ba. Da 'yan kasuwa masu shigo da kaya ake, ba da majinyaci ba. Insulin da alluran rigakafi da ba a haɗa su a nan, za su ci gaba da shigowa.

Batun kwangilar ne ke rikita mutane. Suna biyu a kwali yana nufin ɗaya ne mai maganin, ɗaya kuma mai injin. Haka ake yi a Indiya da Turai, ba sabon abu ba ne. Sai dai dole masana'antar ta tsallake binciken jami'an NAFDAC: tsabtar ɗaki, ruwan da ake amfani da shi, gwajin kowane rukuni kafin ya fita. Mai rajista kuma ba shi da bakin cewa "ba ni na haɗa ba". Sunansa ke jiki, shi za a fara nema.

Abin tsoro na gaskiya yana wajen sinadarai. Ba mu manta da My Pikin ba, maganin haƙorin yara da ya kashe jarirai 84 tsakanin 2008 da 2009, saboda gurɓataccen sinadari da aka saya ba a gwada ba. A 2022 ma irin wannan gubar ce a maganin tari ta hallaka yara kusan 70 a Gambiya, kuma shi daga waje aka kawo shi.

Dokar jabun magunguna ta tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 15, ko tarar da ba ta wuce naira 500,000 ba, ko duka biyun. Wannan "ko" ɗin ne ke ci mini tuwo a ƙwarya. Wanda ya shigo da kwantena guda, dubu ɗari biyar ai kuɗin shayinsa ne.

Shi kansa tsarin ina ganin dacewarsa, amma masana'antar da ke kwana kan janareta, tana sayen sinadarai da dala daga Indiya da Sin, da wuya ta sayar da araha, kuma a aljihun waccan dattijuwa bambancin zai fito.