Dashen Ɓargo: Haɗarin da ke Biyo Baya da Yadda Ake Rage Shi

Iyalai da yawa a Yamai masu jinyar amosanin jini ko sankarar jini suna jin labarin dashen ɓargo a ƙasashen waje, amma kaɗan ne ake yi wa bayanin abin da ke biyo bayan dashen. Ɓargon da aka karɓo daga wani mutum yana zuwa da ƙwayoyin garkuwar mai shi, kuma waɗannan ƙwayoyi kan far wa fatar majinyacin da hanjinsa da hantarsa saboda ba su san jikin ba. Ƙuraje da zawo mai yawa da shawara su ne alamun farko, galibi cikin kwanaki 100, ko da yake akwai nau'in da ke jan shekaru yana busar da ido da baki.

Tun shekarun 1980 likitoci ke haɗa magungunan methotrexate da ciclosporine, daga baya da tacrolimus, domin danne wannan farmaki. Sai masu bincike a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka gwada ba da cyclophosphamide a rana ta 3 da ta 4 bayan dashe, daidai lokacin da ƙwayoyin da suka tayar da faɗa ke ninkuwa da sauri, ta yadda maganin zai kashe su ya bar tushen ɓargon. A wani gwaji na mutum 431 da aka fitar da sakamakonsa a 2023, kusan kashi 53 cikin 100 na waɗanda aka yi wa sabuwar hanyar sun cika shekara a raye, ba tare da farmaki mai tsanani ko dawowar cutarsu ba, yayin da tsohuwar hanyar ta tsaya a kusan kashi 35. Manya ne masu sankarar jini aka gwada, don haka iyayen yaro mai amosanin jini su tambayi likita abin da ya shafi nasu ɗan.

A ganina babban amfanin hanyar gare mu shi ne ta ba uwa ko uba damar bayar da ɓargo duk da cewa rabi kawai ɓargonsu ya dace da na ɗansu, domin damar shaƙiƙi ya dace da majinyaci gaba ɗaya ɗaya ce cikin huɗu.

Duk wanda ya dawo gida bayan dashe garkuwarsa tana da rauni na tsawon watanni. Kada ya dakatar da magani ba da izinin likita ba, kuma idan zazzaɓi ya tashi, kada a ce na cizon sauro ne a sayo ƙwaya a bakin hanya. A kai shi asibiti a ranar, tare da takardun dashensa.