Abin da Cinyewar Takalmin Gudu ke Faɗa Game da Takunka

Takalmina yana cinyewa ta gefen dunduniya na waje. Ƙafata ce ke da matsala?

A'a. Yawancin masu gudu da gefen dunduniya na waje suke fara taɓa ƙasa, sannan ƙafar ta ɗan karkata ciki, kwarin tafin ƙafa ya sauka ya shanye nauyin jiki, daga nan a tashi da babban yatsa. Wannan karkatar halitta ce, ita ke rage wa gwiwa da ƙugu girgiza. Saboda haka cinyewa a dunduniya ta waje da kuma ƙarƙashin tushen yatsu ba abin damuwa ba ne.

To wace cinyewa ce abin lura?

Ka ɗora takalman biyu a kan tebur, ka sunkuya ka dube su ta baya. In sun jingina ciki, kuma robar ƙasa ta shafe ta gefen ciki har zuwa babban yatsa, ƙafarka tana wuce gona da iri wajen karkata ciki. Masu irin wannan taku sukan yi kukan ciwon ƙwauri ta ciki, ko ciwon dunduniya a takun farko da asuba. In kuwa gefen waje ne ya shafe tun daga dunduniya har ƙaramin yatsa, ƙafar ba ta karkata yadda ya kamata, girgiza na hawa sama, targaɗen idon sawu kuma ba ya wuya.

Amma takalmi alama ce kawai, ba hukunci ba. Ka sa wani ya ɗauke ka bidiyo da waya ta baya, dab da ƙasa, kana gudu, sannan ku rage saurin hoton ku ga ko agara tana tsaye ko tana lanƙwasa ciki.

Me ya sa ƙafa ɗaya ta fi ɗaya cinyewa?

Kafin ka zargi ƙafarka, dubi hanyarka. Ana gina kwalta da ɗan gangare zuwa kwata don ruwan sama ya sauka. Mai gudu a gefen hagu yana fuskantar motoci, kamar yadda ya dace, ƙafarsa ta hagu kullum tana ƙasa tana taka gefenta na waje, ta dama kuma tana ƙara karkata ciki. Wata da watanni a haka, takalman za su nuna. Maganinsa shi ne a riƙa surkawa da fili mai baje, kamar Dandalin Murtala ko filin wasa na Ahmadu Bello a Kaduna. Mai zagaya fili ma ya riƙa sauya hannun da yake bi. In an yi haka bambancin bai gushe ba, sai a duba tsohon targaɗe ko bambancin tsawon ƙafafu.

Ƙafata tana karkata ciki amma ba na jin ciwo. Dole na sayi takalmi mai taurin gefe?

Ba dole ba ne. Wani bincike da aka wallafa a 2014 ya bi sababbin masu gudu 927 a ƙasar Denmak tsawon shekara guda, duka da takalmi na gama-gari, kuma waɗanda ƙafarsu ke karkata ciki ba su fi sauran jin rauni ba. Abin da ya fi kayar da mutane shi ne ƙara nisa da gaggawa, da miƙa ƙafa can gaba a sauka a kan dunduniya gwiwa a miƙe. Ka gajarta taku, ƙafa ta sauka kusa da ƙarƙashin jiki.

Yaushe takalmi ke mutuwa, kuma ya batun na gwanjo?

Galibi tsakanin kilomita 500 zuwa 800. Mai yin kilomita 20 a mako ke nan zai kai nan cikin wata 6 zuwa 9. Soson tsakiya ne ke fara mutuwa, robar ƙasa na nan da kyanta, shi ya sa kambas ɗin gwanjo a Kasuwar Barci kan yaudari ido: an wanke shi fes, amma ya riga ya kwanta bisa takun wani. Ka zare shimfiɗar ciki ka danna da babban yatsa. In ya yi tauri kamar katako, ko gefen soson ya yi tamoji, bar musu kayansu. Ka matse bayan dunduniya, kada ya lotsa. Ka gwada da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da kake gudu da ita, ka bar faɗin babban yatsan hannu a gaba. Kuma kada a bar takalmi a but ɗin mota cikin zafin Maris da Afrilu, zafi na lalata soso da gam.

Shumeka zai iya ƙara roba a wurin da ya cinye?

Zai iya, don zuwa kasuwa. Don gudu kuwa, facin gefe ɗaya yana sauya yadda ƙafa ke sauka, kuma bai farfaɗo da soson ba.

Yaushe zan je asibiti?

In ciwo ya wuce mako 2 duk da hutu, ko ya tsaya a wuri ɗaya a kan ƙashi da za ka iya nunawa da yatsa, ko akwai kumburi da ɗingishi, ka daina gudu ka ga likitan ƙashi ko masu gashin ƙashi. Ka tafi da tsohon takalmin su duba ƙasansa.