Karatun Malanta Tun Daga Sakandare a Amurka

Karatun malanta tun daga sakandare tsari ne da jihohi da dama na Amurka suke bi, inda ɗalibin da ke shekaru biyun ƙarshe na sakandare yake ɗaukar kwas na horon malamai daga wata kwaleji ko jami'a, a lissafa masa sakamakon a takardar kammala sakandare, a kuma lissafa masa shi a digirin da zai nema nan gaba. Reshe ne na tsarin rajista biyu, wanda ya shafi sauran fannonin karatu. Tsarin ba ya ba ɗalibi lasisin koyarwa, domin wannan sai an kammala digiri an kuma cika sharuɗɗan jiha.

Asali

Tsarin ya samo asali ne daga abubuwa biyu da suka daɗe suna tafiya daban. Na farko shi ne ƙungiyoyin ɗalibai masu sha'awar koyarwa, waɗanda suka bazu bayan da ƙungiyar malamai ta NEA ta kafa ƙungiyar Future Teachers of America, wato malaman gobe na Amurka, a 1937. Waɗannan ƙungiyoyi na zaburarwa ne kawai, ba sa ba da makin jami'a. Na biyu shi ne koyar da kwasa-kwasan jami'a a cikin makarantun sakandare, wanda Jami'ar Connecticut ta fara a 1955, Jami'ar Syracuse ta bi sahu a farkon shekarun 1970, sannan jihar Minnesota ta yi doka a 1985 da ta ba ɗalibanta damar halartar darussan kwaleji bisa kuɗin gwamnati.

Shirin Karolina ta Kudu

A jihar Karolina ta Kudu ne abubuwan biyu suka haɗu ta hanyar da ta fi ɗorewa. Ana danganta tushen shirin jihar, mai suna Teacher Cadet, da wata malama a makarantar sakandare ta garin Conway, wadda a wajen ƙarshen shekarun 1970 ta riƙa tura haziƙan ɗalibanta su taimaka wa yara a makarantun firamare. An gwada shirin a makarantu huɗu a shekarar karatu ta 1985 zuwa 1986, lokacin da jihar ke fama da ƙarancin matasan da ke zaɓar aikin koyarwa, kuma daga nan ya yaɗu zuwa mafi yawan sassan jihar. Cibiyar CERRA, wadda ke aikin nemo malamai da riƙe su a jihar, mai mazauni a Jami'ar Winthrop da ke Rock Hill, ita ce take kula da manhajar da kuma horar da malaman da ke koyar da ita.

Ana buƙatar ɗalibi ya kasance da matsakaicin maki 3.0 a ma'aunin 4.0 ko sama da haka, tare da shaidar malamansa. Kwas ɗin yana duba yadda yaro ke girma da koyo, da tarihin makarantu da yadda ake gudanar da su, da dabarun koyarwa, sannan a tura ɗalibi aji na gaske ya yi makonni a ƙarƙashin ƙwararren malami, yana kallo, yana taimakawa, har ya gabatar da darasi da kansa. Wannan ɓangare ne ya fi muhimmanci, domin a nan wasu ke gane cewa aikin bai dace da su ba tun kafin su kashe kuɗin jami'a. Kowace makaranta tana da kwalejin da take haɗin gwiwa da ita, kuma kwalejin ce ke ba da makin. Wasu jihohi sun ari manhajar.

Halin yanzu

A Colorado akwai shirin Pathways2Teaching na Jami'ar Colorado da ke Denver, wanda ya mai da hankali kan ɗalibai baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka, sannan a 2021 dokar jiha ta kafa shirin TREP na nemo da horar da sababbin malamai. Tsohuwar ƙungiyar 1937 kuwa ta koma suna Educators Rising a 2015.

Saɓani

Ba kowace jami'a ce ke karɓar makin a matsayin wani ɓangare na digirin malanta ba, musamman idan ɗalibi ya tsallaka wata jiha. Makarantun karkara kuma sukan rasa malamin da ke da digiri na biyu da kwalejoji ke nema kafin su yarda ya koyar da kwas ɗinsu. Masana ba su daidaita ba a kan ko shirin yana ƙara yawan malamai ne, ko kuwa yana tattara waɗanda da ma koyarwa za su zaɓa.