Akwatin Lasifika da Yadda Ake Ƙera Shi a Gida

Akwatin lasifika shi ne gidan katakon da ake ɗaura lasifika a jikinsa domin sautinta ya fito cikakke. Masu sha'awar sauti da dama kan sayi lasifikoki tsuraru daga kamfanonin da ke ƙera su, sannan su haɗa musu akwati da hannunsu. Aikin kafinta ne, amma lissafi ke gaba da zarto.

Amfanin akwatin

Idan takardar lasifika, wato faifan da ke kaɗawa ya fitar da sauti, ta tura iska gaba, a daidai wannan lokacin tana jan iskar da ke bayanta. In babu abin da ya raba tsakani, iskar gaba sai ta zagaya ta cike gurbin baya, sautin ya kashe kansa. Sauti mai kauri, wanda ake kira bas, shi ya fi shan wannan wahala saboda tsawon zangonsa: sautin da ke kaɗawa sau 40 a daƙiƙa yana da zango na sama da mita 8. Shi ya sa lasifika tsirara a kan tebur take yin wata siririyar ƙara, amma da an sa ta a akwati sai muryarta ta cika ɗaki.

Rufaffe da mai hanci

Iri biyu ne suka fi yawa. Rufaffen akwati ba shi da kafar da iska za ta fita, iskar da ke ciki ce ke riƙe takardar lasifikar kamar matashin kai. Edgar Villchur na Amurka ya fito da wannan salo a 1954 a kamfaninsa na Acoustic Research, ya nuna cewa ƙaramin akwati ma zai iya ba da bas mai zurfi. Na biyu shi ne mai hanci, wato wanda aka sa masa bututu a jiki. Injiniya Albert Thuras na Amurka ya samu rajistar wannan ƙira a 1932. Yana aiki ne kamar yadda kwalba ke amo idan an hura bakinta: iskar bututun na kaɗawa a wani zaɓaɓɓen mataki na saurin kaɗawa, ta ƙara wa bas ƙarfi. Mai hanci ya fi ƙara, amma ba ya yafe kuskure. Bututun ya ɗan yi tsawo ko gajarta, sai bas ɗin ya zama ɗumi marar fasali. Ga mai farawa, rufaffe ya fi.

Girman akwati ba a ƙiyasta shi da ido. Neville Thiele na Ostiraliya ya wallafa aikinsa a 1961, Richard Small ya faɗaɗa shi a farkon shekarun 1970, kuma daga nan aka samu alƙaluman da kamfanoni ke rubutawa a takardar bayanin kowace lasifika. Uku ne ginshiƙai: Fs, matakin da lasifikar ke kaɗawa da kanta, Qts, yadda take tsayar da wannan kaɗawa, da Vas, laushinta a ma'aunin litar iska. Ana zuba su a manhaja irin WinISD, ta fitar da lita nawa akwatin zai ci da tsawon bututunsa. Lasifika ake fara zaɓa, akwati ya biyo baya. Wanda ya juya wannan tsari ya yi asarar katako.

Katako da haɗi

Akwatin garaya ana so ya yi amo, na lasifika kuwa shiru ake nema daga gare shi. Duk bangon da ya girgiza yana ƙara wa waƙa launin da ba nata ba. Akasari ana amfani da katakon MDF, wanda ake yi da garin katako da gam, mai kaurin milimita 18 ko 19, ko fulawud mai kyau. MDF na da sauƙin yanka, sai dai ƙurarsa na cutar da huhu, dole a rufe hanci, kuma ba ya shiri da ruwa.

Kauri kaɗai ba ya wadatarwa. Ana ƙarfafa ciki da sanduna masu haɗa bango da bango, a bi kowace gaɓa da gam, a matse har ya bushe. Masu aikin kan ƙwanƙwasa gefen akwatin da gaɓar yatsa: in ya ce "ƙwas" ya yi shiru, ya yi, in ya amsa kamar ganga, da sauran aiki. Injiniyoyin BBC sun bi wata hanya dabam a ƙaramar lasifikarsu LS3/5A ta shekarun 1970, inda suka yi bango siriri na milimita 12 suka manna masa kwalta ta shanye girgiza, kuma har yau ana ƙera ta. A ciki ana shimfiɗa soso ko audugar roba don sautin baya kada ya dawo ya bugi takardar, amma ba a toshe bakin bututu.

Fuskar akwatin ma tana da tasiri. Akwati kan ɗauki babbar lasifika da ƙarama. Ana fafe gurbi yadda ƙaramar lasifika mai siririn sauti za ta zauna daidai da katako, a kuma goge kusurwoyi su yi kwana, domin sauti na karyewa a kaifin baki.

Mai raba sauti

Nan ne yawancin ayyukan gida ke tuntuɓe. Wannan ƙaramin haɗin lantarki shi ke aika bas ga babbar lasifika, siririn sauti ga ƙarama. Tsarin Siegfried Linkwitz da Russ Riley na 1976 yana cikin waɗanda aka fi bi. Mai raba sauti na kanti ba kasafai yake dacewa da lasifikokin da mutum ya zaɓa ba, don haka ƙwararru kan ɗaura lasifikokin a akwatin tukuna, su auna da makirufo da manhaja irin REW, sannan su tsara shi. Wanda bai da kayan awo yakan bi tsarin da wani ya riga ya gwada ya wallafa, ba tare da ya canja faɗin fuskar akwatin ko nau'in lasifika ba.