Maganin Ƙaiƙayin Gaba: Me Ya Sa Wani Yake Tsada, Kuma Yaya Za A Rage Kuɗin?

Wace cuta ake magana a kanta?

Cutar da wani nau'in funfuna mai suna Candida ke kawowa a gaban mace. Shi wannan funfuna yana zaune a jiki tun asali, sai idan ya yi yawa ne ake samun ƙaiƙayi, da zafi, da farin ruwa mai kauri kamar madarar da ta tsinke, yawanci ba wari. Kusan mata uku cikin huɗu sukan gamu da ita aƙalla sau ɗaya a rayuwa. Juna biyu, ciwon suga da ba a shawo kansa ba, da shan antibayotik su ne manyan abubuwan da ke tayar da ita.

To ai ciwon sanyi ke nan da muka sani?

A nan ne kuɗin mata ke zurarewa. Kalmar "sanyi" ta zama buhu, kowace damuwa ta mara da gaba a ciki ake zuba ta. Ruwa mai ƙarni irin na kifi yawanci bakteriya ce, ruwa mai kumfa kuma yakan zama wata ƙwayar cuta da ake ɗauka wurin saduwa, dukkansu biyun metronidazole ne maganinsu, wanda aka fi sani da Flagyl. Maganin Candida ba ya taɓa su, shi ma Flagyl ba ya taɓa Candida. Mace sai ta je kyamis ta ce sanyi ke damunta, a haɗo mata kwali uku ko huɗu har da allura. Abin takaicin shi ne, idan Candida ce, antibayotik ɗin da ke cikin haɗin yana kashe bakteriyar kirki da ke taka wa funfunan birki, cutar ta ƙaru, ta koma ta sake saye. Gwajin ruwan gaba a asibiti, a duba shi a madubin likita, ya fi wannan zagayen sauƙi a aljihu nesa ba kusa ba.

Likita ya rubuta mini magani, na tarar da tsada. Akwai makamancinsa?

Sau da yawa akwai. Kowane magani yana da suna biyu: sunan sinadarin da ke cikinsa, da sunan da kamfani ya raɗa masa. Diflucan na kamfanin Pfizer sinadarinsa fluconazole ne. Canesten na kamfanin Bayer, na cusawa da na shafawa, clotrimazole ne. Wa'adin mallakar duka biyun ya ƙare tuntuni, kamfanoni da yawa a Indiya da Najeriya suna yin su, kuma suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Ki ce wa likita, "Don Allah, likita, rubuta mini sunan sinadarin." A kantin magani kuma ki tambayi duk nau'in da suke da shi da farashin kowanne. Abin dubawa shi ne sinadari ɗaya, ƙarfi ɗaya. Ga cutar da ba ta yi tsanani ba, ƙwaya ɗaya tak ta fluconazole mai miligiram 150 ita ce maganin, ba kwali guda ba. Idan ta yi tsanani, likita kan ƙara wata bayan kwana uku.

Mai araha ba jabu ba ne kuwa?

An ce araha ba ta ado, amma a harkar magani tsada ma ba shaida ba ce, don masu jabu sun fi son kwaikwayon mai tsadar. A Najeriya ki duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, ki saya a kanti mai rajista, ban da masu tallar magani a faranti cikin rana.

Na ji akwai sababbin magunguna a Amurka. Su ne suka fi?

Akwai biyu. Brexafemme, wato ibrexafungerp, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2021, ƙwaya huɗu ne da ake shanyewa a yini ɗaya, ya fito kasuwa a kan dala 475. A 2023 kamfanin ya janye shi daga kantuna saboda fargabar gurɓata a wurin sarrafawa. Na biyun, Vivjoa, wato oteseconazole, ya samu amincewa a 2022, amma don mai cutar da ke ta dawowa, kuma wadda ba za ta iya ɗaukar ciki ba kwata-kwata, saboda yana iya cutar da ɗan tayi. Brexafemme ma an hana mai ciki. Don haka kada wata ta sa 'yar'uwa ta aiko mata da shi bisa zaton na Turai ya fi. Wadda ke zaune a can aka rubuta mata irinsu, ta tambayi inshorarta ko za ta biya, don sau da yawa sai an nuna an gwada fluconazole bai yi ba. Katin rangwame na kamfanoni kuma yawanci ba ya aiki ga masu inshorar gwamnati.

Inshorar lafiya a gida fa?

Ma'aikacin gwamnatin tarayya da iyalinsa da ke ƙarƙashin NHIA, wato hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, suna biyan kashi 10 cikin ɗari ne na kuɗin maganin da ke cikin jerin hukumar. Jihohi ma suna da nasu, irin KSCHMA a Kano.

Nawa yana dawowa kullum. Haka zan yi ta saye?

Idan ya kai sau uku ko huɗu a shekara, saye ɗaiɗai asara ce. Ki nemi a auna sugan jininki tukuna. A kuma yi gwajin da ke tantance nau'in funfunan, domin akwai wani, Candida glabrata, da ba ya jin fluconazole sosai. Idan nau'in da aka saba ne, tsarin likitoci shi ne ƙwaya a rana ta ɗaya, ta huɗu da ta bakwai, sannan ɗaya duk mako har wata shida. Ki kuma rage wanke cikin gaba da sabulu ko Dettol, da cushe-cushen kayan mata da ba a san abin da ke cikinsu ba.

Sai an saya wa maigida shi ma?

Ba dole ba, sai in yana da ja ko ƙaiƙayi, shi ma man shafawa ya ishe shi.

Mai juna biyu fa?

Ita ban da fluconazole, komai arahar sa. Nata shi ne na cusawa irin clotrimazole na kwana bakwai, bayan ta nuna wa ma'aikaciyar awo. Mai shan warfarin, maganin hana daskarewar jini, ko mai ciwon hanta ita ma ta faɗa wa likita kafin ta haɗiyi ƙwayar. Idan kuma akwai zazzaɓi, ciwon mara ko gyambo a gaba, wannan ya wuce Candida, asibiti za a nufa.